Nazari Kan Jinyar Wani Tela da Aka Ce Basir Ke Damunsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne a cikin birnin Kano, shekarunsa 42 a lokacin da abin ya fara, kuma ɗan wan mahaifina ne, shi ya sa na san lamarin tun daga tushensa. Ya amince a rubuta labarin jinyarsa bisa sharaɗin a sakaya sunansa, don haka zan riƙa kiransa Tela kawai. A cikin shekara uku ya yi fama da cututtuka biyu a wuri ɗaya na jikinsa, aka kira kowaccensu basir, aka kuma bi su da magungunan gargajiya masu kama da juna. Ta farko ta warke cikin mako uku. Ta biyu kuwa ta cinye masa wata 14 da kuɗin da ya isa sayen sabon keken ɗinki, ba ta kuma rabu da shi ba sai da aka shiga da shi ɗakin tiyata sau biyu. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne dalilin da ya sa itatuwan da suka yi masa rana a karon farko suka kasa a karo na biyu, alhali wurin ciwon ɗaya ne, mai ciwon ma ɗaya ne.

Ciwon farko

Ciwon farko ya same shi ne a tsakiyar ɗinkin babbar salla. Duk wanda ya zauna da teloli ya san yadda waɗannan makonni suke gudana: a kwana a shago, a karya kumallo da shayi da burodi, a ci taliya da tsakar dare, a rage shan ruwa don kada fitsari ya riƙa tayar da mutum daga kan keke, idan bayan gida ya matsa kuma a danne shi sai an ƙarasa wuyan rigar da ke hannu. Ya yi kwana huɗu bai zagaya ba. Ranar da ya samu ya zagaya sai da ya yi yunƙuri mai tsanani, kuma a cewarsa ji ya yi kamar an ja masa reza. Da ya zo yin tsarki ya ga jini ja jawur, ɗigo kaɗan ne, amma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne raɗaɗin da ya biyo baya, wanda kan kai awa biyu ko uku bai sake shi ba, har ya koma taka keke a karkace, nauyinsa duka a kan cinya ɗaya. Daga nan ya shiga tsoron banɗaki, ya rage cin abinci don kada ya je, bayan gidan ya ƙara tauri, kowace zagayawa ta zama sabon yanka a kan tsohon.

Mahaifiyarsa ce ta karɓi jinyar. Hajiya tsohuwa ce da ta yi jego tara, ta kuma kula da jegon 'ya'ya da jikoki, don haka ba ta tsaya jin kunyar da ɗanta yake ji ba. Ta aika Kasuwar Kurmi aka sayo bagaruwa, ta riƙa tafasa 'ya'yanta ta tace ta sirka da ruwan sanyi, tana gwadawa da gwiwar hannunta har sai ya zama ɗumin da jariri zai iya jurewa, sannan ya zauna a ciki a baho safe da yamma da kuma duk bayan ya zagaya. Idan ya fito ya tsane jiki, sai ya shafa man kaɗe da aka kwaɓa da zuma. Ta hana shi burodi da yaji, ta mayar da shi kan tuwon dawa da miyar kuka ko ta kuɓewa, da kwaɗon zogale, da jiƙon tsamiya da yake sha kafin ya kwanta, ta kuma sa yaron shagonsa ya riƙa ajiye masa butar ruwan sha kusa da keke. Sau ɗaya tak ta ba shi filasko, ɗan kaɗan a cikin kunu, a daren farko. Kafin mako uku jini ya ɗauke, raɗaɗi ya tafi.

Abin da ya same shi, bisa dukkan alamun da ya bayyana, shi ne tsagewar dubura, wato ɗan yanka a siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin bakin dubura, wanda a mafi yawan mutane yakan kasance ne ta ɓangaren baya, daidai tsakiya. Yankan ƙarami ne, abin da ke hana shi warkewa shi ne zoben tsokar da ke tsuke dubura daga ciki, wadda mutum ba shi da iko a kanta. Idan zafi ya taɓa ta sai ta ƙanƙame, ƙanƙamewar ta matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da wurin, rauni kuwa ba ya haɗewa idan jini ba ya isa gare shi. Saboda haka duk abin da zai tausasa bayan gida ya kuma kwantar da wannan tsoka magani ne na haƙiƙa, ko daga kanti ya fito ko daga madafi. Ruwan ɗumi yana sassauta tsokar. Kuka da kuɓewa da tsamiya da isasshen ruwan sha suna sa bayan gida ya fita da laushi. Man kaɗe yana rage gogayya. Bagaruwa kuwa tana ɗauke da sinadarin da ke tsuke fata ya tsane danshi, wanda saboda shi ne majema suke jeme fata da ita tun kaka da kakanni, don haka tana iya rage tsattsafowar jini, ko da yake a ganina ɗumin ruwan ya fi ta aiki a wannan jinya.

Binciken likitoci ya goyi bayan Hajiya fiye da yadda ita kanta za ta zata. A shekarar 1986 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasar Denmak a kan mutane sama da 100 masu sabuwar tsagewa, aka raba su gida uku: wasu aka ba su man kashe zafi, wasu man rage kumburi, wasu kuma aka ce su riƙa cin dusa suna zama a ruwan ɗumi. Bayan mako uku, kashi 87 cikin 100 na masu dusa da ruwan ɗumi sun warke, masu man kashe zafi kuwa kashi 60 ne kacal. Dusar nan dai ita ce wadda muke surfewa daga hatsi mu zuba wa akuya, mu kuma mu ci tsabar da aka tsiraita. Akwai kuma wani ƙaramin gwaji na shekarar 2006 da aka yi da haɗin zuma da man zaitun da kakin zuma a kan mutum 15, aka ga zafi da jini sun ragu, sai dai mutum 15 sun yi kaɗan a kafa hukunci a kansu. A Masar ma, a 2007, an gwada man shafawa mai ɗauke da kashi 1 cikin 100 na man kanumfari a kan masu daɗaɗɗiyar tsagewa, kashi 60 suka warke, a kan kashi 12 na waɗanda ba a ba su shi ba. A lura da ƙanƙantar ma'aunin, domin tsantsar man kanumfari ƙona fata yake yi.

Hikimar da ta fi burge ni a jinyar Hajiya ita ce taƙaita filasko. Ganyen yana aiki ne ta hanyar zaburar da babban hanji, kuma daga danginsa ake yin wasu ƙwayoyin sassauta ciki da ake sayarwa a kemis, amma idan aka zarce yakan kawo murɗar ciki da zawo, zawo kuwa yana tsaga dubura kamar yadda tauri yake tsagawa. Ya kamata kuma a san cewa wannan jinya ta sabuwar tsagewa ce. Idan ta haura mako shida, gefenta ya yi kauri, wani ɗan tsiro ya fito a bakinta, to galibi sai an haɗa da man asibiti mai sassauta tsoka irin su diltiyazem, wani lokaci ma sai an yi ƙaramin aikin da ake ɗan sassauta zoben tsokar da shi.

Tela ya fita daga wannan jinya da lafiya, ya kuma fita da yaƙinin cewa basir ba ciwon asibiti ba ne. Wannan yaƙini ne ya cutar da shi daga baya.

Kalmar basir

Kalmar da ta ruɗe shi aro ce daga Larabci, inda ake cewa basur, jam'inta bawasir. Sai dai Larabawa suna da wata kalma dabam, nasur, jam'inta nawasir, ga ramin da ke yoyon mugunya, suna kuma da ta uku ga tsagewa. Mu guda ɗaya muka aro, muka ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. A bakin mai magani na tasha, wanda ke tsaye kusa da mota da lasifika, basir ya haɗa da kumburin jijiyoyin dubura, da tsagewa, da ƙurji, da ƙaiƙayi, da kumburin ciki, da ciwon baya, da kasala, har da raunin mazakuta. Za a ji ana cewa basir mai tsiro, basir mai jini, basir na ciki, amma duk gora ɗaya ake miƙa wa mai kowannensu. Kunya ta ƙara ɗaure wa abin gindi, domin mai magani ba ya duba wurin, mai ciwo ma ba ya so a duba, sai a yi ciniki a kan suna alhali ba wanda ya ga cutar da idonsa.

Ciwo na biyu

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, wani kumburi ya fito masa a gefen dubura ta hannun hagu, yana zogi ba dare ba rana, ko ya zagaya ko bai zagaya ba, ga zazzaɓi da rawar sanyi. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa ba ciwon da ba ne, domin zafin tsagewa yana bin bayan gida ne, kuma ba ya zuwa da zazzaɓi. Ya koma wa bagaruwa da man kaɗe. A kwana na shida kumburin ya fashe da kansa cikin dare, mugunya mai wari ta zuba, ya samu barcin da ya kwana biyar bai yi ba, gida kuma aka yi hamdala cewa maruru ne ya nuna ya fashe. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wurin ya bar wani ɗan rami kamar kan ashana, yana tsattsafo da ruwa mai yauƙi, wani lokaci da jini-jini, yana ɓata masa wando.

Yadda wannan cuta take samuwa shi ne, a cikin dubura, kimanin tsawon gaɓar yatsa ɗaya daga baki, akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna da ke fitar da ruwa mai santsi. Idan bakin ɗayansu ya toshe, ƙwayoyin cuta na hanji sukan taru a ciki su yi mugunya, mugunyar ta nemi hanya ta cikin nama har ta ɓullo a fata. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan ƙurji, hanyar da mugunyar ta haƙa ba ta rufewa, sai ta zama rami mai baki biyu, ɗaya a cikin hanji ɗaya a waje. Wannan shi ne yoyon dubura, wanda likitoci ke kira fistula, sunan da muka fi saninsa da shi a yoyon fitsari na mata, ko da yake sanadinsu ya sha bamban. Ya fi kama maza, kuma muddin bakin ciki yana buɗe, kowace zagayawa tana tura ƙazanta cikin ramin. Mai ƙoƙarin rufe bakin waje kamar mutumin da ya toshe rariya ta waje ne alhali ana ta wanke-wanke a tsakar gida.

A nan ne watanni 14 suka tafi, kuma a nan nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin cutar tana da wata ɗabi'a da ke sa kowane magani ya yi kama da mai aiki. Bakin waje yakan rufe da kansa na mako biyu ko uku, wando ya bushe, mai ciwo ya ce ya warke. A ƙarƙashi kuwa mugunya tana taruwa, sai zogi ya dawo, wurin ya sake fashewa. Duk maganin da aka sha ana dab da rufewar shi ke karɓar yabo, idan ta sake fashewa kuma sai a ɗora laifin a kan mai ciwo, a ce ya sha zaƙi ko ya ci maiƙo ko ya karya doka. Tela ya sha jiƙon sassaƙen maɗaci da na marke, ya sha garin sabara a kunu, ya yi sirace, ya sayi gora bayan gora a tasha. Wata gorar ta sa shi zawo na kwana biyu har ƙafafunsa suka riƙa rawa, da ya koma wa mai ita sai ya ce masa, "Alhaji, ai dattin basir ɗin ne yake fita, ka ƙara kofi ɗaya." Wata kwalbar kuma ya saye ta da tsada saboda ya ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikinta. Lambar tana ƙarewa da harafin L, abin da ke nufin hukumar ta duba cewa maganin ba shi da illa a bayyane ga mai shansa, ba wai ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba, kuma akan rubuta haka a jiki da ƙananan baƙaƙe, da Turanci, inda mai saye ba ya dubawa.

Wahalar da ba a faɗa ita ce ta yau da kullum. Ya koma naɗe ƙyallen yadi daga ragowar ɗinki yana sawa a wando, yana canzawa kafin kowace salla. Ya daina tsayawa a sahun gaba, ya daina sa fararen kaya, telan da a da ake gane shi da farar shadda. Ya riƙa fesa turare fiye da ƙima don yana zaton kowa yana jin warin da shi yake ji. Matarsa kaɗai ta san iyakar abin, ita ke wanke ƙyallayen ta shanya a bayan ɗaki.

A wata na goma aka yi masa kwatancen wani mutum a wani ƙauye da aka ce yana cire basir ba tare da yanka ba. A gabansa mutumin ya kwaɓa jar kanwa da toka da farin ruwan tumfafiya, ya cusa a bakin ramin. Abin ya ci fata, ya bar gyambo mai faɗin kwabo, gyambon ya yi makonni kafin ya rufe da tabo mai tauri. Wata biyu cur babu yoyo, Tela har ya aika wa mutumin da tukuicin riga. Amma tabon ya toshe mafitar da mugunya ta saba bi ne kawai, sai ta haƙa sabuwa. Da kumburin ya dawo, ya fi na farko girma, ya ɓullo a wani wuri can baya, ramin da yake miƙe ya zama mai reshe.

A asibiti

Ni na raka shi, bayan doguwar jayayya. Tsoronsa iri biyu ne, kuma ya dace a raba su. Na farko shi ne abin da ake yaɗawa cewa wanda aka yi wa aikin basir ya yi sallama da mazakutarsa, wannan kuwa ba shi da tushe, domin aikin ba ya kaiwa ga jijiyoyin da ke da alhakin wannan. Na biyu shi ne tsoron kasa riƙe bayan gida, wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, kuma shi ne ainihin abin da ke sa likitocin fiɗa taka-tsantsan da wannan cuta. Ramin yakan ratsa ta cikin zoben tsoka, idan aka yanke tsokar da yawa a lokaci guda mutum zai iya rasa ikon riƙe iska ko bayan gida.

Likitan, wanda da alama ya saba da irin wannan noƙe-noƙe, ya ce masa, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya duba da ido, ya duba da yatsa, ya leƙa da na'ura don ya tabbatar babu wani tsiro a can ciki, domin jini ta dubura ga wanda ya haura arba'in yana iya zama alamar dajin hanji, kuma an sha rasa mutane a ƙarƙashin sunan basir. Ya sa aka gwada sukari da cuta mai karya garkuwar jiki, aka kuma bincika tarin fuka, saboda ƙwayar tarin fuka tana iya haddasa yoyon dubura, mai ciwon sukari kuwa ƙurjin wannan wuri yana iya bazuwa ya ruɓar da nama cikin kwanaki kaɗan har ya kai ga halaka. Duka suka fito lafiya. A ɗakin tiyata, bayan allurar baya, aka zura siririn ƙarfe ta bakin waje aka bi ramin har aka samu bakin ciki, aka kuma ga ya ratsa wani kaso na tsoka da ba za a yanke shi a zama ɗaya ba. Sai aka buɗe reshen, aka kwashe mugunya, aka zura zare ta cikin babban ramin aka ɗaure shi sako-sako, don ya riƙa tsiyayar da ƙazanta har kumburi ya sauka.

Da Tela ya tambayi dalilin da ya sa ramin ya ƙi rufewa duk da magungunan da ya sha, likitan ya bayyana masa cewa tsohon rami yakan yi wa kansa shimfiɗa daga ciki. Tela ya fassara abin da harshen sana'arsa, ya ce wato kamar ramin maɓalli ne da aka riga aka daje bakinsa, ko shekara nawa ya yi ba zai haɗe ba sai an warware dajiyar. Ban ji bayanin da ya fi wannan dacewa ba.

Zaren da aka zura masa tsohuwar dabara ce. Likitocin Girka na zamanin Hibokiratis sun yi ta da zaren lilin da gashin doki, kuma Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya kawo maganar nasur ne a kashin littafinsa da ya keɓe wa fiɗa, tare da ƙarfen bin rami da wuƙa da ƙuna. Wurin da itatuwa suka shiga wannan aiki da hujja mai ƙarfi shi ne Indiya, inda ake da wani zare mai suna kishara sutura, wanda asalinsa yake cikin tsoffin littattafan Ayurbeda, wato likitancin gargajiya na ƙasar, Farfesa P. J. Deshpande da abokan aikinsa kuma suka farfaɗo da shi a Jami'ar Banaras a shekarun 1960. Ana shafe zaren sau 21 da farin ruwan wata bishiya dangin tinya, da tokar wani tsiro da ke fitowa har a ƙasar Hausa, wanda muke kira ƙaimin ƙadangare, da kuma garin kurkum. Ana zura shi ta cikin ramin daga baki zuwa baki, a canza shi duk mako, yana yanka kaɗan-kaɗan yayin da naman da ya bari a baya yake haɗewa. Majalisar binciken lafiya ta Indiya ta kwatanta shi da tiyata a kan marasa lafiya 502 a cibiyoyi huɗu, ta wallafa sakamakon a 1991: masu zare sun ɗauki kimanin mako takwas kafin su warke, masu tiyata mako huɗu, amma cutar ta dawo wa kashi 4 cikin 100 na masu zare, a kan kashi 11 na masu tiyata.

Wanda ya duba zai ga kayan haɗin Indiyawa ba su yi nisa da na mutumin ƙauyen nan ba, ruwan tsiro mai cin fata ne da toka. Bambancin yana cikin hannun da ya yi aikin da kuma inda aka kai maganin. A can likita ne ya fara gano bakin ciki, ya auna yawan tsokar da ramin ya ratsa, ya sa maganin a kan zare da ma'auni don ya taɓa ramin duka daga farko har ƙarshe, ya kuma bar ƙofa a buɗe mugunya tana fita. A nan kuwa an ƙona ƙofar waje ne aka bar ta ciki. Ina ganin kuskure ne a ɗauki labarin Indiya a matsayin shaidar cewa ana warkar da yoyon dubura da ganye, domin abin da suke yi fiɗa ce da zare, ganyen ɗan rakiya ne. Babu jiƙo ko gari ko man shafawa da aka tabbatar yana rufe ramin da bakinsa na ciki yake buɗe.

Tela ya yi mako goma da zaren a jikinsa, yana zuwa shago yana ɗinki da shi, abokan sana'arsa biyu da suka sani suna tsokanarsa cewa yau ga tela an zura masa zare. Bayan kumburi ya sauka, ramin ya tsuke ya matso kusa da fata, aka koma aka buɗe abin da ya rage, aka bar raunin a buɗe don ya cike daga ƙasa zuwa sama. A wannan mataki Hajiya ta dawo bakin aikinta da izinin likita, wanda ya amince da zaman ruwan ɗumi da miyar kuka da jiƙon tsamiya, ya hana cusa komai a cikin raunin, ya kuma ce a bar bagaruwa tukuna don kada ta tsuke bakin kafin ciki ya cike. Ta ɗan yi ƙorafi a kan bagaruwar, amma ta bi. Raunin ya ɗauki mako bakwai kafin ya rufe.

Yanzu kusan shekara guda ke nan babu yoyo. Yana riƙe bayan gida daidai, sai dai ya ce idan cikinsa ya ɓaci iska takan kufce masa wani lokaci, abin da bai saba ba a da, kuma fatar da aka ƙona a ƙauye tana tsagewa kaɗan a lokacin hunturu, sai ya shafa man kaɗe. Likitan ya ce ya dawo nan take idan ya ji zogi ko ya ga danshi, domin cutar tana iya komowa. A ɗinkin sallar da ta wuce ya rage yawan kayan da ya karɓa, ya koma kwana a gida, butar ruwan kuma tana nan a gefen keke.